Babi na Bakwai: Maiƙo a Ƙafar Gaba

Alamar takan fara bayyana ne a wurin da ido bai cika kaiwa ba, wato bayan tayar gaba ta ciki, inda ƙarshen aksil ya dunƙule ya zama gwiwar da ƙafar mota ke juyawa a kanta. A mota mai lafiya wurin yakan yi ɗan danshin giris, ƙura ta manne masa, shi ke nan. In ciwo ya kama, za ka ga wani abu baƙi-baƙi kore-kore mai yauƙi kamar miyar kuka yana dalala daga gwiwar, yana sauka kan ƙarfen taya, wani lokaci har ya yi zane-zane a jikin robar saboda juyawa. Lakato shi da yatsa ka sansana. Man birki tsinkakke ne, ba shi da wani wari mai ƙarfi, kuma in shi ne ke zuba za ka tarar ya ragu a kofinsa da ke gaban mota. Man giya kuwa yana da warin farar wuta mai hawa kai, wanda duk yaron gareji ya sani. In shi ka ji, to zoben robar da ke can cikin aksil, wanda kanikawa ke kira oyil sil, ya saki.

A arewacin Zamfara wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwalta ta taso daga Gusau ta iso Kaura Namoda, daga nan ta rabu biyu: hannu ɗaya ya nufi Shinkafi ya zarce Isa da Sabon Birni a jihar Sakkwato, ɗayan ya bi ta Zurmi ya ɓulle Jibiya a jihar Katsina. Amma yawancin ƙauyuka ba a bakin kwalta suke ba. Da rani hanyarsu rairayi ne mai haɗiye taya, da damina kuma, musamman a watan Agusta, kogunan Gagare da Bunsuru da ƙoramun da ke zuba cikinsu sukan cika, fadamun Shinkafi su koma taɓo. Motar asibiti, da ta ma'aikatan allurar rigakafi, da ta jami'an tsaro, da ta mai kai taki ko ɗauko hatsi, duk ba su da abin dogaro sai ƙafafun nan huɗu su ja tare. Ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, a ko'ina cikin duniya da farar Land Cruiser aka san ta, samfurin 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, kuma dalili ke nan.

Sai kuma abin da kowa ya sani. Fiye da shekara goma ke nan waɗannan hanyoyi suna fama da 'yan bindiga. A da in mota ta mutu a daji, asarar yini ce da kuɗin janwe. Yau direban da ƙafar gabansa ta ƙame tsakanin Zurmi da Kaura da la'asar sakaliya, rayuwarsa da ta fasinjansa ce a kan faifai. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, aka hana cin kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur, wanda motarsa ta tsaya ko kiran bakanike ba ya iya yi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana sakaci da wannan gyara, don kayansa ba su kai kuɗin taya guda ba.

Kafin a kwance komai, ya kamata a san yadda wurin yake. A Land Cruiser samfurin 70 da na 80, da tsohuwar Hilux ta kafin ƙarshen shekarun 1990, aksil ɗin gaba dogon kwarkwaro ne na ƙarfe guda ɗaya daga taya zuwa taya. A jikinsa akwai tulu, wanda a Land Cruiser ya karkata wajen dama, a cikinsa haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga ƙafafun biyu suke wanka cikin man giya da bai kai lita uku ba. Daga tulun sanduna biyu suka fita, shaf gajere zuwa dama, dogo zuwa hagu. A ƙarshen kowanne akwai kan shaf, gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe shida da ke ba ƙafa damar ja ko da an karya sitiyari. Wani injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro wannan gaɓa a shekarun 1920. Kan shaf yana zaune cikin gwiwa, gwiwar kuma cike take da baƙin giris mai kauri. Ke nan ɗaki biyu ne, ɗaya na mai, ɗaya na giris, kuma ƙofar da ke tsakaninsu ita ce oyil sil. Zobe ne na ƙarfe da aka lulluɓe da roba, yana da siririn leɓe da ke rungume da shaf, da wata 'yar waya mai naɗi da ke matse leɓen.

Abin sha'awa, asalin wannan zobe daga majema yake. Kamfanin Freudenberg na garin Weinheim a Jamus jimar fata yake yi. Da kasuwar duniya ta faɗi a 1929, shekarar da titin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Kaura Namoda don kwasar gyaɗa da auduga da fatu, sai kamfanin ya fara yanka zobban tare mai daga ragowar fata. Wani ma'aikacinsa, Walther Simmer, ya inganta su ya sa musu gidan ƙarfe da wayar matsi, daga baya roba ta maye gurbin fata. Har gobe a ƙasashen Turai da dama da sunansa ake kiran abin. Kamfanin NOK na Japan, wanda ke yi wa Toyota irin waɗannan zobba, tun 1960 yake da haɗin gwiwa da Freudenberg.

In zoben ya saki, ɓarna ta bi hanya biyu. Man giya ya gangaro gwiwa ya narkar da giris, haɗin ya tsiyaye ta bayan gwiwa inda ƙyalle da roba ke share ƙura, don su ba a yi su domin tare ruwan mai ba. Kan shaf ya rasa giris ɗinsa, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana da ƙafa huɗu. A ɗaya ɓangaren mai yana raguwa a tulu, giris yana kutsawa ciki yana gurɓata wanda ya rage, boris da haƙora su fara kuka. Mafi hatsari shi ne abin da ke sauka kan faifan birki. Takalmin birki in ya sha mai ya daina kamu, in ka taka motar sai ta fizge zuwa ɓangaren da ya bushe. Akwai masu jiƙa takalmin da fetur su cinna masa wuta wai don man ya ƙone. Man da ya riga ya ratsa ciki yana nan, zai sake tasowa da zarar birki ya yi zafi. Takalmin da ya sha mai maganinsa sabo, kuma a canza na dama da na hagu tare.

To, me ya kashe zoben? Nan ne ake gane gwani. Gaskiya ne roba tana tsufa, zafin bazara yana busar da ita, amma sau da yawa in aka bincika za a tarar wani abu ne ya ci zalinta, kuma in ba a gano shi ba, sabon da aka sa ba zai ga damina biyu ba.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne hancin aksil. A saman kwarkwaron akwai wata 'yar hula ko ɗan bututu da iska ke fita ta ciki. Mota ta taso daga Gusau da rana tsaka, mai ya yi zafi, iskar da ke cikin aksil ta kumbura, dole ta sami mafita. In laka ta toshe hancin, mafitar da ta rage ita ce leɓen roba, sai iskar ta tura mai ta nan. Akasin haka kuma ya fi muni. Aksil mai zafi ta faɗa ruwan ƙorama mai sanyi, iskar ciki ta tsuke nan take, aksil ta zuƙo abin da ke kusa: ruwa da yashi, ta hancin in ya nutse, ko ta gwiwa. Direban da ke tsallake ƙoramun Zurmi kullum da damina, in ya buɗe tulu ya ga man ya yi fari-fari ya yi kumfa, ruwa ne. Ruwa yana kawo tsatsa a daidai inda leɓen ke gogawa, tsatsa kuma tana yanka roba. Maganin wannan na da arha har abin ya ba da mamaki: a cire hular, a sa dogon tiyo irin na fetur, a ɗaure shi sama cikin ɗakin inji inda ruwa ba ya kaiwa, a maƙala masa 'yar matatar fetur ta babur a baki don ƙura. Aikin rabin awa ne. Na daɗe ina ganin ya kamata duk motar da za a turo aiki wannan yanki a yi mata haka tun ranar da ta iso.

Na biyu shi ne boris ɗin gwiwa, ƙanana guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, waɗanda gwiwa ke juyawa a kansu. Nauyin gaban mota da dukan kowane rami a kansu yake ƙarewa. In sun ci, gwiwa takan ɗan goce, shaf ya bar tsakiya, ya danne leɓen roba a gefe ɗaya ya bar rata a ɗaya gefen. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, wani ya taka birki a sake girgizawa. Motsin da ya ɓace na boris ɗin taya ne, wanda bai ɓace ba na gwiwa ne. Lodin da ake yi wa motocin nan ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, buhu kan buhu mutane kan buhu, yana gaggauta wannan ciwo, in ya yi tsanani ma kwarkwaron kansa yakan lanƙwashe. Aksil da ta lanƙwashe ba zoben da zai zauna mata lafiya.

Na uku jikin shaf ne. Shekara da shekaru leɓe yana goga wuri ɗaya da ƙurar hunturu a tsakani, sai ya sassaƙa siririn kwari a jikin ƙarfen. Ja farce a wurin. In farce ya maƙale, sabon leɓe zai faɗa cikin tsohon kwari ya ci gaba da yoyo. Ana iya zaunar da sabon zobe ya ɗan goce daga inda tsohon ya zauna don leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe. In kwarin ya yi zurfi, sai dai wani shaf.

Akwai kuma laifin zama. Motocin da ke da makulli a cibiyar tayar gaba, wanda ake murɗawa da hannu, in an bar su a buɗe duk tsawon rani shaf ɗin gaba ba ya juyawa sam. Leɓe ya bushe, saman haƙora ya yi tsatsa. Ranar da ruwan farko ya sauka aka kulle, sai yoyo ya tashi, direba ya ce damina ce ta kawo. Toyota da kanta ta ba da shawarar a riƙa kulle su ana tafiyar kilomita 16 a kowane wata don mai ya zagaya.

Yanzu aikin kansa. Wanda ya ce maka zai gama shi cikin awa guda, wani abu zai tsallake. Wuri ake fara nema mai tsabta, a shimfiɗa buhu ko kwali, don garejinmu yawanci ƙasa ce da rairayi a gindin bishiya, kuma ƙwayar yashi ɗaya cikin boris ta isa. A ɗora motar kan ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari, kada a amince da jak shi kaɗai. A fara kwance notin zuba mai kafin na tsiyayewa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi buɗuwa. Notin ƙasa yana da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe a jikinsa ba komai, ɓarɓashi mai kaifi kuwa labari ne daga haƙora.

Sai a cire taya, a kwance kan birki a rataye shi da waya kada ya rataya a jikin tiyonsa. A cire murfin makullin cibiya, a zare ɗan zoben ƙarfen da ke riƙe bakin shaf. A nan ake gamuwa da washa masu siffar mazurari da ke maƙale a gindin kusoshi shida. Ba a ɓanɓare su da sukundireba. Kan kusar ake bugawa da sandar tagulla, sai su yi tsalle su fito da kansu. Bayansu akwai manyan notina biyu masu faɗin milimita 54. Garejin da ba shi da sifanar wannan girma yakan sa kurfi da guduma, kuma kusan duk tsohuwar Land Cruiser da aka buɗe za ka ga tabon saran a jikin notinta. Ɓarɓashin da kurfi ke fitarwa cikin boris yake faɗawa, kuma da kurfi ba a iya auna ɗauri. Duk bakaniken da ke karɓar irin waɗannan motoci ya kamata ya mallaki sifanar nan, ko maƙeri ya ƙera masa daga bututu.

Cibiya da faifan birki su fito, sai hannun da suke juyawa a kansa, sannan shaf. Kan shaf yana da gefe biyu da aka shafe. Sai an juya su sun kalli sama da ƙasa yake fitowa, ba da ƙarfi ba. Daga nan mai gaggawa zai zura ƙugiya ya fizgo tsohon zobe, ya buga sabo, ya mayar da kaya. Mai son aikin ya daɗe zai ci gaba ya kwance gwiwar gaba ɗaya, ya wanke komai da kananzir, ya duba boris ɗin sama da na ƙasa, ya canza ƙyalle da robar baya. A ƙarƙashin murafun gwiwa akwai wasu siraran faranta na ƙarfe, wasu ba su fi kaurin takarda ba. Su ne ke saita tsayin gwiwa don shaf ya zauna a tsakiyar zobe, su ne kuma ke saita matsin boris. Yaron da ya tattara su wuri ɗaya cikin kwano ya lalata aikin tun kafin a fara haɗawa. Kowanne a ɗaure shi da murfinsa, a mayar da shi inda aka ciro shi. In an haɗa, ana gwada nauyin juyawar gwiwa da ƙaramin sikelin rataye irin na 'yan kasuwa, a maƙala a hannun sitiyari a ja. Adadin kilon yana cikin littafin kowane samfuri.

Sanya sabon zobe minti biyar ne, amma a nan ake yawan kashe shi. Gefen da ke da wayar matsi shi ke kallon ciki, wajen mai. A share mazauninsa tas, a shafa wa leɓen ɗan giris, a sami bututu ko soket daidai faɗinsa a buga a hankali ya shiga a miƙe. In ya karkace ko ya lotsa, a cire a sa wani. Shi ya sa mai hankali ke sayen uku in zai yi ƙafa biyu. Gam ɗin da ake malalawa a leɓe ba ya tare komai, ɓallewa yake ya shiga mai. Wajen mayar da shaf, musamman dogon na hagu, a tallafe shi da hannu biyu kada nauyinsa ya kwanta kan leɓen, kada kuma haƙoran bakinsa su yage shi. Kan shaf da gwiwa baƙin giris mai sinadarin moli suke so, a cika gwiwar kamar kashi uku cikin huɗu, a bar wa iska wuri. Boris ɗin taya nasa giris ɗin daban ne. Notin ciki a ɗaure shi sosai ana juya cibiya don boris ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa sama-sama, sannan a sa sabuwar washar kulle, a ɗaure na waje, a lanƙwasa kunnenta. Man giya mai lamba 90, ko 80W-90, ake zubawa har ya fara dawowa ta bakin ramin, motar tana tsaye a wuri mai daidai.

Duk wannan wahala tana iya tafiya a banza saboda kaya. Abin da babu a Kaura sai a aika Gusau, abin da babu a Gusau sai Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a kowane mataki akwai na gaske akwai jabu, cikin kwali iri ɗaya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ratar kuɗinsu ta ƙara faɗi, jarabar sayen mai arha ta ƙaru. Araha ba ta ado. Na gaske robarsa tana da laushi, in ka danna leɓen ya dawo, wayar ba ta faɗowa, rubutun jikinsa a fili yake. Boris ɗan Kwatano mai kyau wani lokaci ya fi sabon jabu, amma zoben roba ba a sa na hannu ko daga wace mota aka ciro shi.

Kuma ba kullum laifin bakanike ba ne. Sau nawa direba ke shigowa gareji ya ce, "Maigida, a ɗan ƙara mata mai kawai, Alhaji bai ba da kuɗin aiki ba." A motocin hukuma abin ya fi haka: ana iya sayen sabuwar mota ta miliyoyi a yi bikin miƙa makulli, amma takardar neman kuɗin giris da zobe ta yi wata uku tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ƙarin mai yana sayen lokaci, ban musa ba, kuma in kana cikin daji shi ne daidai: ka cika tulu, ka buɗe makullan cibiya don shaf ya huta, ka lallaɓa da ƙafa biyu zuwa gari. Amma mai ƙara mai duk mako yana wanke giris ɗin gwiwa ne da kuɗinsa, ƙarshenta ya sayi kan shaf da haƙora.

Hilux ta zamani, daga samfurin 2005 zuwa yau, wadda ta fi yawa a hannun jami'an tsaro da ma'aikatu, ƙirarta daban ce. Ba ta da doguwar aksil a gaba. Tulun a maƙale yake a jikin mota, gajerun shaf biyu masu rigar roba suka fita zuwa tayoyi. Zoben yana bakin tulu, inda shaf ya shiga, don haka yoyonta a tsakiya ake ganinsa, yana ɗiga kan farantin da ke kare ƙasan inji. Aikinta ya fi sauƙi: a kwance notin cibiya da gaɓar ƙasa, a fizgo shaf daga tulu, a canza zobe, a tura shaf har a ji ya kama. Abin lura a nan rigar roba ce, wadda ƙaya da kututturen gona ke yagawa, yashi ya shiga ya cinye gaɓar cikin 'yan makonni. Maganar hancin aksil da ruwan ƙorama kuwa duk ɗaya ce.

Ko wace iri ce, in an gama a wanke ƙafar tas don duk wani sabon danshi ya nuna kansa. A taka birki sau da yawa kafin a motsa, don takalmin ya koma mazauninsa. A yi 'yar tafiya a dawo a ɗora hannu kan cibiya: ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa yana nufin an matse boris da yawa, a sake saiti kafin motar ta bar gari. Bayan mako guda direba ya dawo da ita a sake girgiza taya, a bi notinan hannun sitiyari da sifana, a buɗe tulu a ga ko mai yana nan a bakin rami da launinsa.